Ƙwallon bideyo a Maraɗi: tsohon PES ko sabon shiga?

Kowace shekara, idan damina ta ja baya, gero ya fara shiga rumbu, iyaye kuma suka duƙufa ga lissafin kayan komawa lakwal, akwai wata haja da kamfanonin Japan da Amurka ke fitarwa wadda samarin Maraɗi ke jira kamar watan salla: sabon wasan ƙwallon ƙafa na bideyo. Kafin ya iso, gardama kan tashi a gidajen wasa da wuraren shan shayi: a cikin tsofaffin da aka sani, wanne ne ya fi? Gardamar ta yara ce a ido, amma kuɗin da ke bayanta daga aljihun manya suke fita.

Su wa zancen ya shafa

Mai karatu da ya ratsa unguwannin Zariya, Mokoyo ko Sabon Gari da la'asar, ba zai rasa ganin irin wannan wuri ba: ɗaki ɗaya ko rumfar kwano, benci biyu ko uku, talabijin bisa tebur, da samari biyu riƙe da abin sarrafa wasan, wanda ake kira manet, sauran kuma na tsaye suna jiran layi. Kowane wasa ana biyan ƴan daloli, kuma ƙa'idar da aka fi bi ita ce wanda aka cinye ya tashi ya ba wani wuri.

Mutum uku ne fitowar sabon wasa ke shafa. Na farko shi ne mai gidan wasan, wanda sau da yawa saurayi ne da ya gama karatu bai samu aiki ba, ya zuba ɗan jarinsa a talabijin da na'ura. Na biyu shi ne ɗan kasuwa mai shigo da kayan lantarki, wanda ke son sanin abin da zai ɗauko ya samu shiga, da abin da zai kwana masa a kanti. Na uku shi ne uba ma'aikaci, wanda ɗansa ya ci jarrabawar shiga kwaleji ko ta bakaloriya, ya zo yana tuna masa alkawarin da aka yi a farkon shekara. Duk ukun suna da bukatar sanin abin da ya bambanta tsoho da sabo kafin su kwance bakin jaka.

Kamfanoni biyu, ƙwallo ɗaya

Tun shekarun 1990 kamfanoni biyu ke rabon wannan kasuwa. Electronic Arts na Amurka ya fitar da wasan FIFA na farko a Disamban 1993. Konami na Japan ya biyo baya a 1994 da International Superstar Soccer a kan na'urar Super Nintendo, sa'an nan a 1995 ya fara jerin Winning Eleven a kan PlayStation. Wannan jeri na biyu shi ne aka sayar a Turai da sunan ISS Pro daga 1997, kana aka raɗa masa suna Pro Evolution Soccer, wato PES, a 2001.

Bambancin kamfanonin biyu ya fito fili tun farko. Na Amurka ya zuba kuɗi wajen sayen izinin amfani da sunayen ƴan wasa, da riguna, da tambarin ƙungiyoyi. Na Japan, ƙarƙashin jagorancin Shingo Takatsuka, ya mayar da hankali ga yadda ƙwallo ke gudu a ƙafa da yadda ƴan wasa ke neman gurbi a fili. Saboda rashin izini, sai ya riƙa sauya sunaye: Roberto Carlos ya zama Roberto Larcos, Manchester United ta zama Man Red, Arsenal kuma North London. Wannan bai hana kowa gane su ba.

Zuwan waɗannan na'urori ya haɗu da wani lokaci mai wuya. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, duk abin da ke zuwa sabo daga Turai ya ninka kuɗi. Maraɗi kuwa gari ne da ya san wata hanya: ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano, inda kayan lantarki na hannu da suka sauka a Legas ke isowa. Na'urar gwanjo da faifan da aka kwafa su suka buɗe ƙofar wannan wasa ga ɗan talaka, a nan da sauran garuruwan yankin.

Zamanin Babangida

Waɗanda suka fara da PlayStation ta farko suna tuna ƴan wasa masu kai kamar an sassaƙa shi da gizago, ba fuska ba ido. Amma suna tuna wani abu da ya fi wannan: gudun Babangida. Tijjani Babangida, haifaffen Kaduna, yana cikin ƴan Najeriya da suka ci zinariya a wasannin Olimpik na Atlanta a 1996, a shekarar ya koma Ajax ta Holan, kuma shi ya zuba wa Afirka ta Kudu ƙwallo biyu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a Legas a 2000. Masu tsara wasan na Japan sun ba shi saurin da ya kusa ƙure ma'auni, har sunansa ya zama sananne ga yaran Birazil da na Asiya da ba su taɓa ganin taswirar Kaduna ba. Ga yaron Maraɗi, ganin suna irin na gida yana tsere wa Turawa a talabijin ba ƙaramin abu ba ne.

Wasan wancan zamani na gudu ne. Dabarar da kowa ya sani ita ce a ɗauko Roberto Carlos daga baya a kai shi gaba, a tura masa ƙwallo, a bar sauran ga ƙafarsa ta hagu. Ta fuskar hikimar ƙwallo, bugun PlayStation ta farko shi ne mafi rauni a jerin. Sai dai shi ya kawo abin da ya ɗaure mutane shekara da shekaru: a 1999, cikin ISS Pro Evolution, aka ƙirƙiro sashen Master League.

Ɗan kasuwa zai gane Master League nan take, domin fatauci ne. Ana ba mutum ƙungiya ta ƴan wasan ƙage marasa ƙwarewa, waɗanda daga baya aka san su da sunaye irin su Castolo, Minanda da Ivarov. Idan ya ci wasa ya samu maki, da makin zai sayi ɗan wasa ɗaya mai kyau, da wannan ya ƙara cin wasa, har ya hau rukuni na sama. A bugunan da suka biyo baya, idan kaka ta ƙare bai iya biyan albashin ƴan wasansa ba, ya karye, sai ya koma farko. Da yawa daga cikin yaran da suka yi wannan wasa a nan suka fara koyon cewa ba a cinye jari.

PES 5 da PES 6: inda gardama ta fi zafi

PlayStation 2 ta fito a shekara ta 2000, kuma kamfanin Sony ya sayar da fiye da miliyan 160 kafin ya daina ƙera ta a farkon 2013. A kanta ne jerin PES ya kai ƙololuwa, kuma bugu biyu ne ake ja-in-ja a kansu har yau.

PES 5, na 2005, wasa ne mai nauyi. Alƙalin wasa ba ya ɗaga ƙafa: wanda ya danne maɓallin matsa wa abokin hamayya ba lissafi, usur zai yi ta ji. Ƙwallo na tsalle daga ƙafar ɗan wasan da bai iya tarba ba, kuma tsakiyar fili cike take da turereniya. Ba a cin ƙwallo da yawa, shi ya sa ɗaya da babu ke da daɗi kamar biyar. Masoyansa na cewa shi ne ya fi kama da ƙwallon gaskiya, domin mai haƙuri ne ke cin nasara a cikinsa.

PES 6, wanda ya fito a Oktoban 2006, bayan kofin duniya na Jamus, ya sassauta. Wasa ya ƙara sauri, alƙali ya rage busa, an kawo damar buga ƙwallon laifi da gaggawa ba tare da tsayar da wasa ba. A cikinsa ƙungiyoyin Faransa suka zo da sunayensu da rigunansu na ainihi, abin da ya yi wa masu sauraron labarin Marsai da Liyon a rediyo daɗi. Ƙasashen Afirka da suka je Jamus, wato Gana, Kodebuwa, Togo, Angola da Tunisiya, suna ciki, tare da Najeriya da Kamaru. Aibinsa ɗaya sananne ne: Adriano na Inter Milan, wanda aka ba ƙarfin bugu 99, wato ƙarshen ma'auni. Ga shi kuma Ibrahimovic, Figo da Zanetti suna tare da shi. A ƙasashe da dama abokai sun kafa wa kansu doka cewa ba a ɗaukar Inter, don kada zumunci ya ɓaci.

Wanne ya fi? Ga mai wasa shi kaɗai a gida, PES 5 ya fi zurfi, ya fi daɗewa bai gundure shi ba. Ga mai gidan wasa kuwa, PES 6 ne haja. Wasan minti biyar ko goma da ake zuba ƙwallo uku ko huɗu yana sa wanda aka cinye ya ji cewa saura ƙiris, ya sake laluben aljihu. Ƴan kallo su yi ihu, na waje ya leƙo. Abin lura kuma shi ne, bugunan da Konami ya ci gaba da fitarwa a kan PlayStation 2, har zuwa PES 2014 wanda ke cikin wasannin ƙarshe da aka yi wa na'urar, kusan duk ginin PES 6 ne aka sauya wa ƴan wasa. Ashe shi kansa kamfanin bai ga abin gyarawa sosai ba.

Akwai wata falala da tsofaffin bugunan ke da ita: sashen gyare-gyare. Mena ba ta cikin PES 6, amma duk mai haƙuri yana iya ɗaukar wata ƙungiya ya sauya mata suna da launin riga, ya rubuta ƴan wasa ɗaya bayan ɗaya, ya adana a katin ajiya. Ta haka mai son Mena ta kofin Afirka na 2012 da 2013, ko Ɗan Kasawa da Jangwarzo na Maraɗi, yana iya kai su su kara da Barcelona, abin da ba a taɓa gani a filin gaske ba.

Faɗuwa da farfaɗowa

Da aka koma PlayStation 3, ƙafar Konami ta zame. PES 2008 ya zo da tsaiko da kakkarwar hoto, alhali kuwa abokin hamayya yana gyara nasa. A 2009, FIFA 10 ya ba ɗan wasa damar juyawa da ƙwallo kowace fuska, maimakon ƴan kusurwoyin da aka saba. Samari da yawa a duniya sun sauya sheƙa a waɗannan shekaru, kuma har yau ana gane tsohon ɗan PES da ɗan FIFA daga yatsa: na farko yana buga raga da maɓalli mai kusurwa huɗu, na biyu da mai da'ira. Duk mai gidan wasa ya san rigimar da ke tashi idan aka manta ba a daidaita manet ba kafin a fara.

Abin da ya riƙe PES a lokacin shi ne izinin gasar zakarun Turai, wanda ya mallaka daga bugun 2009 zuwa na 2018, kafin Electronic Arts ya karɓe shi. Sai kuma PES 2013, wanda ya fito a Satumban 2012 da hoton Cristiano Ronaldo a kwali. Wannan bugu ya haɗa saurin PES 6 da hoto mai kyau, ya kuma ba mai wasa ikon auna ƙarfin turawa da bugu da kansa. Ba ya bukatar kwamfuta mai ƙarfi, dalili ke nan da ya sa ya daɗe a tsofaffin kwamfutocin ɗalibai da na ma'aikata. Idan aka ce a zaɓi magajin PES 6, shi ne.

Bayansa an sake tuntuɓe. PES 2014 ya zo da sabon injin hoto da bai nuna ba, wasan ya yi nauyi kamar ana gudu cikin yashin gulbi. An gyara a hankali: PES 2017, wanda aka yi da haɗin gwiwar Barcelona, ya dawo da martabar jerin a kan PlayStation 4, kuma PES 2021, na Satumban 2020, shi ne cikamakin wannan layi. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa na 2020 ne aka sabunta wa ƴan wasa, ya kuma sayar da shi da rangwame. Duk da haka masana wasan da yawa suna ɗaukarsa a matsayin mafi kyawun ƙwallo da Konami ya yi tun bayan PlayStation 2. Shi ne kuma na ƙarshe da ya ɗauki sunan PES.

Banza ba ta kai zomo kasuwa

Ranar 30 ga Satumban 2021 Konami ya binne sunan PES, ya fito da eFootball, ya ce kyauta ne, kowa ya sauke ta intanet. Ranar ta zama abin kunya: fuskokin ƴan wasa sun karkace, ƙungiyoyi 9 kacal ake iya ɗauka, babu Master League, babu sashen gyare-gyare. A kasuwar wasannin kwamfuta ta Steam ya faɗa sahun waɗanda masu saye suka fi kushewa a tarihinta, har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. An yi ta gyara daga baya, kuma tun daga nan ana sabunta shi kowace shekara. A ɗaya ɓangaren, Electronic Arts da hukumar FIFA sun raba gari a 2022 bayan kusan shekara 30, wasan ya koma EA Sports FC daga Satumban 2023.

Sabbin wasannin suna da abin yabo, kuma ba daidai ba ne a ɓoye shi. Hotonsu ya kusa da na talabijin, ƴan wasan na yau ne, akwai ƙwallon mata tun FIFA 16, kuma mai intanet mai kyau yana iya karawa da wani a Dakar ko Jidda daga ɗakinsa. A 2024 hukumar FIFA ta ɗauki eFootball don gasar duniya da aka yi a Riyad, inda Indonesiya ta ci kofin masu na'ura. Ga yaro mai baiwa, wannan ƙofa ce da PES 6 ba zai taɓa buɗe masa ba.

Amma abin da ya sauya ya wuce hoto. Tsohon wasa kaya ne: an saya, an mallaka, faifai ɗaya da bai kai jiga 5 ba, ana kunna shi shekara 20 ba wanda zai tambayi kowa komi. Sabon wasa ya fi kama da haya. Nauyinsa jiga gommai ne, yana neman sabuntawa a kai a kai, babban sashensa ba ya tafiya sai da intanet, kuma bayan ƴan shekaru kamfani kan rufe hidimar tsohon bugu don a koma sabo. Wanda ya saba da cinikin goro ko na atamfa ya san bambancin kayan da ke cikin shagonsa da wanda ke hannun dillali.

Lissafin Maraɗi, na Tibiri da na Jiratawa

A fara da kuɗi. Yuro ɗaya yana daidai da sefa 656 in ban da ɗan ƙiris. A 2022 Sony ya kai kuɗin PlayStation 5 mai cin faifai yuro 550 a Turai, wato wajen jika 360, kafin kuɗin hanya da na duwan. EA Sports FC 25 ya fito a 2024 a kan yuro 80, jika 52 da ɗoriya. Mafi ƙarancin albashi a Nijar, wanda aka ɗaga a Janairun 2024, jika 42 ne. Ke nan faifai ɗaya ya fi albashin wata, na'urar kuma ta fi na wata 8. Mai gidan wasa sai ya raba wannan da ƴan dalolin da yaro ke biya, ya ga wasa nawa za a buga kafin uwar kuɗi ta dawo, ya kuma tuna cewa baɗi akwai wani sabon.

Sai kuran. Wutar Maraɗi da Damagaram ta dogara da layin da ke tasowa daga Katsina ya biyo ta Gazawa. A farkon Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wannan wuta, ba a ɗage matakin ba sai a Maris na 2024. A waɗannan watanni kowa ya koyi lissafin wat. Ƙaramar PlayStation 2 ba ta kai wat 50 ba, batir da faranti ɗaya na hasken rana suna riƙe ta da ƙaramin talabijin. PlayStation 5 tana shan kusan wat 200 idan ana wasa, ga babban talabijin da take bukata don kyanta ya fito, ga na'urar intanet. Idan aka ce gurup za a tayar, kuɗin mai ya shiga lissafi.

Ga zafi da ƙura. A watan Afrilu ma'aunin zafi kan haura 40, da hunturu kuma ƙura ba ta barin kowace kafa. Tsohuwar na'ura idan idonta mai karanta faifai ya mutu, masu gyara sun san yadda ake sa ta karanta wasa daga ƴar ma'ajiyar da ake soka mata, kuma kayan gyaranta suna cikin gwanjo. Sabuwa idan ta ƙone, jari ya ƙone. Hanyar kaya ma ba ta da tabbas: Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufewa daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, kuma rufe iyakar Benin a 2023 ya tilasta wa kayan Kwatano zagayawa ta Lome da Burkina.

Wannan lissafi ba ɗaya ba ne a ko'ina. A cikin birnin Maraɗi, kusa da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ko a unguwannin da ƴaƴan alhazai da na manyan ma'aikata suke, sabuwar na'ura ɗaya a gefen tsofaffi tana iya biyan kanta, domin akwai masu biyan ƙari don su taɓa na yayi. A Tibirin Gobir, inda yawancin masu shigowa ɗalibai ne da kuɗin karin kumallo a aljihu, abin da ake nema shi ne wasa mai araha mai saurin ƙarewa, kuma PES 6 ko 2013 sun isa. A Jiratawa, garin fadamar noman rani da zogale, kuɗi na bin girbi: yau akwai, gobe sai an jira. Wanda kuɗinsa ke zuwa lokaci-lokaci bai dace ya ɗauki kayan da ke cin kuɗi kowane wata ba.

Ko batun sabbin ƴan wasa ma bai zama hujja ba. Masu sha'awa a ƙasashe da yawa suna ɗaukar tsohon wasa su zuba masa ƴan wasan bana. Mafi shahara shi ne Bomba Patch na Birazil, wanda ke yin haka a kan PlayStation 2 tun 2007. A salula kuma, manhajar PPSSPP, wadda aka fara a 2012, tana kunna tsofaffin PES, yara suna tura wa juna ba tare da sun taɓa kuɗin intanet ba. Sai dai ɗan kasuwa ya sani cewa faifan kwafi kayan wani ne aka ɗauka ba izini, kuma Nijar tana da dokar haƙƙin mallaka da ofishin da ke kula da ita.

Abin da uba ya kamata ya sani

Akwai wani bambanci da ba a gani daga benci. A Master League, ɗan wasa mai kyau da gumi ake samunsa. A 2009 Electronic Arts ya kawo sashen Ultimate Team, inda ake sayen ƙunshin ƴan wasa a rufe, da makin wasa ko da kuɗin gaske, ba a san abin da ke ciki ba sai an buɗe: wataƙila gwarzo, galibi tarkace. Konami ma ya bi sahu da irin nasa, kuma da wannan ne wasan da aka ce kyauta yake ciyar da kansa. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin wannan ƙunshi caca ne, kuma a farkon 2019 Electronic Arts ya daina sayar da makinsa a ƙasar. Alhali kuwa kwalin FIFA 23 da na FC 24 a Turai yana ɗauke da lamba 3, wato ya dace da ɗan shekara uku.

A gari irin Maraɗi, inda uba ba zai yarda ɗansa ya tsaya kusa da masu karta ba, ya kamata a san cewa abin na iya shigowa ta salular da ke cikin ɗaki. Tsohon gidan wasa yana da nasa aibi: yaro na iya gudun lakwal ko makarantar allo, na iya ɗauke canjin cefane, kuma wasu samari kan sa kuɗi a kan wasa. Amma wannan aibi ne da ake gani da ido, a bakin titi, mai unguwa da maƙwabta suna iya tsawatawa. Na cikin salula ba mai ganinsa sai kuɗin waya sun ƙare.

Kafin a kwance bakin jaka

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma gaskiya ne cewa rabin yabon da ake yi wa PES 6 yabon ƙuruciya ne. Wanda yake ɗan shekara 15 a 2006 yau magidanci ne, malamin lakwal ko ma'aikacin baitulmali ko mai shago a babbar kasuwa, kuma abin da yake tunawa ba Adriano kaɗai ba ne, har da abokan da ke zaune kusa da shi. Ɗansa zai yi wa wasan bana irin wannan yabo nan da shekara 20.

Duk da haka, in aka ajiye son zuciya gefe, jerin ya tsaya kamar haka: na PlayStation ta farko don tarihi, PES 5 don gwani, PES 6 don gidan wasa, PES 2013 don mai tsohuwar kwamfuta, PES 2021 don mai PlayStation 4 da ke son abin da zai mallaka. Sabon da ke tafe kuwa, kowane suna ya zo da shi, tambaya uku ta ishe shi. Yana tafiya idan babu intanet? Mutum biyu suna iya zama benci ɗaya su kara, kowa da ƙungiyar da yake so? Bayan an biya, zai sake neman kuɗi? Mai sayarwa da ya kasa amsa waɗannan, a bar masa kayansa zuwa bayan kaka. Wanda ya yi haƙurin wata uku zai ji labarin kayan daga bakin waɗanda suka riga shi saye, kuma sau da yawa zai tarar kuɗin ya sauko. Kafin nan, tsohon faifan yana nan cikin kwalinsa, kuma Babangida bai rage gudu ba.